Jan Ɗigo A Kan Rile

Da hantsin Juma'a aka shigo da Lado, wani bakanike na garin Rogo, caji ofis, riga a yage, leɓe a fashe, mutum kusan ashirin na biye da shi. Wanda ke gaba dattijo ne cikin farar babbar riga, Alhaji Abdulmutalib, shugaban ƙungiyar ci gaban Rafin Kanya, wani ƙauye da ke bayan Fulatan. Shi ya ƙwaci Lado daga hannun matasa, shi ne kuma ya kawo ƙararsa.

Sufeto Lukumanu ya ba shi kujera, aka gaisa, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ja takarda.

Maganar ba ta da tsawo. Jiya bayan azahar gamsheƙa ta sari wani manomi, Yusha'u, yana cirar gyaɗa. Aka kai shi ƙaramin asibitin ƙauyen, aka tarar allurar dafin maciji sai Karaye. Motar ɗaukar marasa lafiya, wadda mutanen gari suka yi karo-karo suka saya bara, ta ƙi tashi. Aka yi ta turi har awa ɗaya da rabi. Daga ƙarshe aka ɗora shi a babur, ƙanensa na riƙe da shi ta baya. Saura kaɗan su shiga Karaye rai ya yi halinsa.

"Ran Lahadi wannan yaron ya taɓa motar," in ji Alhaji. "Ya cire mana famfon mai mai kyau, ya sa mana ruɓaɓɓe."

"Wa ya ga famfon, Alhaji?"

"Ai ba sai an gani ba, Sufeto. Mota ta ƙi shan mai."

Da suka fita, Saje Badaru ya matso yana sakace haƙori. "Oga, kwana ne ya ƙare. A rubuta, Litinin a miƙa shi kotu, gari ya huce. In muka sake shi yau, kafin la'asar sun cinna wa garejinsa wuta."

Lukumanu ya dube shi. Shekara shida yana aikin nan, kuma babu kalmar da ya ga ana ɓoye laifi a bayanta kamar ƙaddara. Gini ya rufta, ƙaddara. Magani ya ƙare a sito, ƙaddara. Kowa ya san ajali gaskiya ne, amma ajali bai taɓa buɗe bonet ba.

"Kwana ya ƙare, na yarda," ya ce. "Motar fa, ita ma kwananta ne ya ƙare? Ɗauko Lado, mu je mu ganta."

A hanya Lado ya zauna a baya da ankwa a hannu, yana ta rantsuwa.

"Wallahi yallaɓai ko tankin ban sauke ba. Baƙin mai na canza, na sa sabon rile na famfon mai, shi ke nan."

"Kowane bakanike haka yake cewa ya sa sabo."

"Shi ya sa nake ɗiga wa nawa jan fenti. An sha ce min ɓarawo a kan abin da na saya da hannuna. Yanzu duk abin da na sa sabo, sai na ɗiga masa ja a ka. Ku buɗe za ku gani."

Lukumanu ya rubuta wannan a littafinsa.

Motar na nan inda turi ya ƙare da ita, ƙarƙashin wata dalbejiya a bakin asibitin. Kafin su gama fitowa mutane sun kewaye su. Lukumanu ya karɓi makulli ya murɗa. Injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa.

"Ba haka ba, yallaɓai," in ji Lado. "Murɗa rabi, inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya. Saje ya kara kunne a bakin tanki."

Saje ya durƙusa yana ƙunƙuni. Aka murɗa.

"Me ka ji?"

"Kukan cikina kawai."

"To da lafiya take, da ka ji zuuu kamar ƙudan zuma, na daƙiƙa biyu. Famfon ke nan yana turo mai daga tanki zuwa inji."

"Ka ga ke nan famfon ya mutu, yadda Alhaji ya faɗa," in ji Lukumanu.

"Ko kuma wuta ba ta isa gare shi ba. A buɗe min bonet."

Kusa da batir akwai wani baƙin akwatin roba. Lado ya nuna shi da haɓa, Lukumanu ya ɗaga murfin. Ga fiyus-fiyus a jere, ga wasu 'yan ƙananan baƙaƙen kwalaye guda huɗu, kowanne bai kai kwalin ashana ba.

"Su ne rile. Famfon mai yana cin wuta da yawa, yallaɓai. Da za a bi da wutar nan ta cikin makulli, da tuni ya ƙone. Shi ya sa makulli ba ya aika komai sai 'yar ƙaramar wuta. Ita ke shiga wani naɗin siririyar waya a cikin kwalin nan, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan ƙarfe ya haɗe da ɗan'uwansa. Za ka ji ƙas. Da sun haɗe, babbar wuta daga batir ta samu gada, ta wuce famfo. Kamar mai gadi ne. Yaro ƙarami ya raɗa masa magana, shi kuma ya buɗe wa tirela ƙofa."

"In mai gadin ya mutu fa?"

"Ko tanki ya cika ya batse, inji ba zai ga ɗigo ba. Ku tura ta har Zariya, ba za ta tashi ba."

Lukumanu ya duba zanen da ke cikin murfin, ya zare na famfon mai. Ya juya shi a tafin hannunsa. Babu jan ɗigo. Tsoho ne, ƙafafunsa sun yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba, an naɗe murfinsa da baƙin salatif.

Ya ɗaga shi daidai fuskar Lado. Lado ya ƙura wa salatif ɗin ido.

"Ka san shi?"

"Rile duk kamarsu ɗaya, yallaɓai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Lado ya kawar da kai. "Ni dai ba shi na sa ba. Cire na kusa da shi, na hon ne. Ƙafafunsu iri ɗaya. Sa shi a ramin."

Lukumanu ya cire ya sa. Ya zagaya ya murɗa rabi. Daga cikin akwatin aka ji ƙas, Saje kuma ya ɗago daga bakin tanki da sauri. "Ga zuman nan, oga."

Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

Wasu daga cikin matasan da suka tura ta jiya har tafin hannunsu ya yi kanta suka sunkuyar da kai. Wani dogon bafulatani da ke jingine da dalbejiyar ya zame a hankali ya zauna a ƙasa.

"To ai shi ke nan," Saje ya raɗa. "Ba famfo ya sata ba, rile ya sata. Duk sata ce."

"Wataƙila," in ji Lukumanu. Ya sa tsohon rilen a ambulan, ya nufi cikin asibitin.

Ma'aikaciyar jinyar, Sista Rumasa'u, mace ce mai magana a tsaye. Ta buɗe masa rajista tun kafin ya nema.

"Biyu da minti takwas aka shigo da shi."

"Tun ran Lahadi motar ta taɓa tashi?"

"Kullum. Jiya ma da safe Nasiru direba ya je Rogo da ita ya ɗauko mana allurar riga-kafi. Sha ɗaya ya dawo."

"Kin ga Lado a garin nan jiya?"

"Rabona da shi tun Lahadi."

"Da kika ce wa Nasiru ya fito da mota, me ya yi?"

"Abin da ya tsaya min a rai ke nan, yallaɓai. Bai je wurin motar ba. Tsayawa ya yi kamar an dasa shi, sai ya zaro waya ya zaga bayan katanga. Sai da na daka masa tsawa ya zo ya sa makulli."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa cewa yake haka Allah ya so."

An samu Nasiru a ɗakin mai gadi. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, idanunsa sun yi ja, da alama bai runtsa ba. Ya durƙusa ya gaida Sufeto, ya kuma gaishe shi.

"Jiya ka buɗe bonet ɗin motar nan?"

"Ban buɗe ba, ranka ya daɗe. Ni tuƙi na sani."

"Wa ka kira a bayan katanga?"

"Lado. Don ya zo ya duba."

"Kafin ka gwada makulli? Ya aka yi ka san tana buƙatar dubawa?"

"Na gwada tukuna."

"Kawo wayar."

Lukumanu ya bi jerin kiran da yatsa. Babu sunan Lado ko sau ɗaya. Suna ɗaya ne ya jeru har sau bakwai, Baba Alhaji. Na farko biyu da minti goma.

"Shugabanmu ne, dole in sanar da shi," in ji Nasiru.

"Sau bakwai? Mutum na shure-shure a kan gado, kai kana sanarwa. Shi likita ne ko bakanike?"

Hawaye ne kawai suka gangaro wa Nasiru. Lukumanu ya san irin wannan shirun. Wanda ke kare kansa surutu yake yi. Wanda ke kare na sama da shi ne yake yin gum. Ya bar shi da ɗan sanda ɗaya ya fita.

Bafulatanin nan na zaune inda ya bar shi. Shi ne Halliru, ƙanen mamacin. Lukumanu ya tsuguna gefensa, ya yi masa gaisuwa, ya bari sai da ya gama amsawa.

"A ina ya cika?"

"Bayan mun haye kwalbatin nan na kusa da Karaye. Na ji jikinsa ya saki a hannuna. Muka sauke shi a gindin wata ɗorawa." Ya share fuska da gefen rawani. "Allah ya saka wa Alhaji Abdulmutalib. Muna nan zaune sai ga shi ya fito daga Karaye a a-kori-kurarsa, ya sauke gyaɗa. Shi ya ɗauko mana gawar har gida."

Lado na tsaye kusa da motar 'yan sanda, yana jin su. Lukumanu ya ga yadda ya runtse ido. Ya miƙe ya ja shi gefe, ya zaro ambulan ɗin.

"Saurara, Lado. Mota ta yi aiki har jiya sha ɗaya, kai kana Rogo. Wannan ya isa in yi shakka. Bai isa in sake ka ba. Mutanen nan sun binne ɗan'uwansu, suna son wanda za su ɗora wa. In ka ci gaba da rufe baki, Litinin kana gaban alƙali, garejinka kuma toka. Salatif ɗin wa ne wannan?"

"Yallaɓai, filin da garejina yake, shi ya ba ni. Shi ya kai ni koyon aiki ina ɗan shekara goma sha biyu."

"Shi ne kuma ya kawo ka wurina da safe."

Lado ya daɗe yana kallon ankwar da ke hannunsa.

"Ni na naɗa shi," ya ce a hankali. "Na a-kori-kurar Alhaji ne. Wuraren da ƙarafan ke haɗuwa sun ci wuta. Haka suke yi in sun tsufa, duk haɗuwa sai sun yi tartsatsi, har su yi baƙi. Da mota ta ɗau zafi sai ta mutu a hanya, ta huce ta tashi. Sau biyu ina buɗe shi ina kankare masa. Na ce ya sayi sabo, ya ce wani satin. Ran Talata ya ƙone gaba ɗaya. Na ce masa irinsa ɗaya ya rage min, kuma na sa a motar asibiti, sai an aiko daga Kano."

"Kai ka gaya masa iri ɗaya ne?"

"Ni na gaya masa." Muryarsa ta karye. "Hira ce kawai, yallaɓai."

Ana zaman makoki a ƙofar gidan su Yusha'u, an shimfiɗa tabarmi a inuwar wata rumfa. Alhaji Abdulmutalib na tsakiyar dattawa, shi ke amsa gaisuwar baƙi kamar shi aka yi wa rasuwar. A-kori-kurarsa na gefe, ɓawon gyaɗa a warwatse a bayanta.

Lukumanu ya cire takalmi, ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Sannan ya ce, "Alhaji, ko za mu ɗan keɓe?"

"Faɗi a nan, Sufeto. Duk nan gida ne."

"To. Yaushe aka gyara motarka?"

"Me ya same ta?"

"An ce tun Talata take kwance."

"'Yar matsala ce, ta warware."

"Wa ya warware ta?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Ɗana, mutum aka rasa. Ka bar maganar motata, ka ji da wanda na kai maka."

"Jiya Nasiru ya kira ka sau bakwai daga biyu da minti goma. Me ya ce maka?"

"Ina cikin kasuwa, ban ji ba."

"Na bakwai ka ɗauka. Minti ɗaya da rabi kuka yi."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, a yi hattara. Alhaji uban gari ne. Rabin kuɗin motar asibitin nan daga aljihunsa ya fito."

"Na ji, Baba. Buɗe bonet ba zagi ba ne. In ban ga komai ba, a nan zan durƙusa in ba shi haƙuri." Ya miƙa hannu. "Makulli, Alhaji."

An ɗauki lokaci kafin makullin ya fito daga aljihun babbar riga. Mutane suka tashi daga tabarmi suka bi su. Lukumanu ya ɗaga bonet, ya buɗe baƙin akwatin, ya ja baya don kowa ya gani. A cikin tsofaffin kwalayen da ƙasa ta rufe, guda ɗaya na ƙyalli. A kansa akwai jan ɗigo, kamar an ɗiga jini.

Ya zare shi, ya murɗa makullin a-kori-kurar. Ta yi ta juyawa, ta ƙi kamawa. Duk wanda ya tura motar asibiti jiya ya gane wannan kukan.

Alhaji ya dafa ƙofar motar.

"Aro na yi," ya ce. Muryar ta zama ta tsoho. "Awa biyu na ce wa Nasiru. Gyaɗata ta kwana biyu a mota, mai saye zai wuce. Na ce in kai Karaye in dawo kafin la'asar. Motar nan sai ta yi sati ba a ɗauki kowa ba. Wa ya san maciji zai fito?"

"Don wanda ba a san zuwansa ba aka saye ta, Alhaji. Me ya sa ka cusa mataccen a ramin?"

"Don kada wani ya buɗe ya ga wuri a wofi, a yi ta surutu."

"Da Nasiru ya same ka a waya, me ka ce masa?"

Alhaji ya dubi ƙasa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ga ni nan a hanya. Na ce kada ya faɗa wa kowa."

Wani gunaguni ya ratsa taron. Lukumanu bai ɗaga murya ba.

"Da ka bar shi ya faɗa, da tun biyu da kwata an ɗora Yusha'u a babur. Da ka bar shi ya kira Lado, da a waya ma ya gaya masa abin yi. Awa ɗaya da rabi matasa na tura motar da direbanta ya san ba za ta tashi ba, don kada a ce Alhaji ya taɓa kayan jama'a. Sannan gari ya waye ka kamo yaron da ka raina ka kai min."

"Matasa sun riga sun far masa. Na ga in yana hannun hukuma ya tsira. Da ƙura ta lafa zan fito da shi."

"Da sunan ɓarawo mai kisa a wuyansa."

Lukumanu ya juya ga Saje Badaru. "Kwance wa Lado."

Saje ya kwance, ya tsaya riƙe da ankwar yana juya ta. "Oga, dattijo ne fa. A gaban mutanensa."

"A gaban mutanen nan aka yaga wa Lado riga, ba ka ce komai ba. Sa masa. A ɗauko Nasiru ma, zai ba da nasa jawabin a ofis."

Alhaji bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu da kansa. Da za a wuce da shi ya tsaya gaban Lado kamar zai yi magana, Lado ya dubi ƙasa, Saje ya ja shi suka shige mota.

Lukumanu ya koma bakin asibiti don ya rubuta lambar motar. Rile mai jan ɗigo da mataccen duk sun zama shaida, sai kotu. Ya tarar Sista Rumasa'u ta tsare Lado gaban buɗaɗɗen bonet, tana sa shi ya nuna mata ramukan ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a bayan murfin rajista. Motar za ta yi aiki da na hon, ba ta da hon sai an kawo sabo.

Halliru ya matso a hankali, ya leƙa cikin akwatin.

"Yallaɓai, wannan da ya tayar da ita ɗazu, jiya ma yana nan?"

"Yana nan."

"A ina yake?"

Lukumanu ya nuna masa ramin hon da ke wofi, ya nuna masa na famfon mai. Halliru ya sa yatsunsa tsakanin ramukan ya auna. Yatsa biyu ne suka shiga, na uku bai samu wuri ba.

Ya daɗe yana kallon yatsun. Sannan ya sauke hannunsa, ya koma wurin zaman makoki.